Da Sunan Yaya Na Yi Aiki

Wata uku ke nan da na ajiye aikin gwamnati, amma har yau ƙafata ba ta yarda ba. In na dawo daga sallar asuba sai in ga na nufi inda babur yake jingine, sai na kama kansa sannan in tuna ba inda za ni. Uwargida ta ce in sayar da shi in huta, na ce ta bari tukuna, tsoho da tsoho ba sa saurin rabuwa. Sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in zauna ina kallon yaran unguwarmu ta nan Kazaure suna wucewa makaranta, kowa da jaka a baya kamar mai shirin ƙaura, wasu a ƙafa, wasu an cusa su huɗu-huɗu a bayan ɗan acaɓa. A cikin falo kuwa yarana sun rataye takardar yabon da aka ba ni ranar walima, har da gilashi aka sa mata. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya karanta ya sa albarka. Ni ba na son tsayawa a gabanta. Sunan da ke jikinta, wanda na yi shekara talatin da biyar ina amsawa a wurin aiki, ba shi aka raɗa mini ba. Na Yaya ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Allah ya yi masa rasuwa ban buɗe baki na nemi ya yafe mini ba. Ba zan rubuta sunan a nan ba. A gidanmu ƙane ba ya kama sunan wansa, ko a ofis ma in dole ta sa na faɗe shi, a gurguje nake wucewa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Roni, a gindin duwatsu. A zamanin da na yi wayo ba agogo muke bi ba, kunne muke bi. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ji taɓarya ta fara, gida ɗaya ya ɗauka, na kusa ya amsa, kuma ko daga bayan gari nakan gane luguden Inna, don ita takan cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Sai ƙarar guga yana dukan bangon rijiya, sai jakin maƙwabcinmu da ba ya taɓa makara, sai mata suna kiran awaki kowace da irin muryarta. Aikina shi ne kai awaki gindin dutse, in kuma gero ya fara nuna in tsaya a gona ina korar tsuntsu da majajjawa har muryata ta dushe. Yaya ne ya saƙa mini majajjawar. Ya girme ni da kamar shekara biyar, a lokacin har ya fara bin bayan Baba da fartanya, ya iya ɗaure dami ba ya warwarewa. A makarantar allo ma kansa ya fi nawa ja nesa ba kusa ba, abin da malam ya biya masa sau ɗaya ni sai na kwana uku ina tauna shi. In na yi masa rashin kunya Inna takan ce, "Kai, babban wa uba ne." Yanzu in na je garin, injin niƙa ne ke tashin mutane, taɓarya sai ranar biki, rijiyar kuma an rufe ta an kafa famfo. Ban ce an yi asara ba, matan sun huta, ni ne dai kunnena bai daina jira ba.

A wata damina kurkunu ya kama Baba a ƙafa biyu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah kuma kada ya nuna musu. Tsutsa ce mai tsawo da ke fitowa ta fata, a riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, mutum ya yi wata da watanni a kwance, kuma ba ta tashi kwantar da manomi sai lokacin da gona ta fi bukatarsa. A daidai wannan lokaci aka aiko daga wurin hakimi cewa kowace unguwa ta ba da yara don makarantar boko. Mutanenmu a lokacin gani suke kamar an zo ƙwace musu 'ya'ya, har a rumbu an ɓoye wasu. Mai unguwa ya zagaya, ya ga Yaya a bakin rijiya, ya sa aka rubuta shi. Gida ya ɗauki jimami, amma ban da Yaya. Shi ya taɓa ganin 'yan makaranta ranar kasuwa suna fareti da kakinsu ana busa musu badujala, tun daga ranar abin ya shiga ransa. Ya je wurin wanzami aka yi masa aski, ya wanke rigarsa ta Sallah ya shanya a kan danga, yana ta zagayarta yana taɓawa ko ta bushe.

Baba ya sa aka ɗora shi a jaki aka kai shi ƙofar mai unguwa, ni nake jan jakin, shi ya sa na ji komai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga ƙafata. Gero ya nuna, gyaɗa na jiran cira. In aka ɗauke mini yaron nan, wa zai shigar mana da abinci rumbu?" Mai unguwa ya ja gemu, ya ce takarda ta riga ta tafi, shi ba shi da ikon goge abin da ya isa gaban hakimi. Can sai idonsa ya faɗo kaina. Ya ce, "Amma ita takarda suna ta sani, ba ta san fuska ba. Wannan ba naka ba ne?" Baba ya dube ni, ni kuma ina can ina korar ƙuda daga kunnen jaki.

Da safen ranar tafiya Baba ya kira mu zaure mu biyu. Yaya ya shigo sanye da rigarsa, kansa yana sheƙi. Baba bai yi doguwar magana ba, dama ba ya yi. Ya ce ƙaramin ne zai tafi, babban zai tsaya gona. Ni na fasa kuka, don ban ga abin da zai raba ni da awakina ba. Yaya kuwa kansa na ƙasa, ya ce, "To, Baba." Ya tuɓe rigar ya zura mini, ta sauko har ƙwaurina, ya naɗe mini hannuwanta. Shi aka sa ya raka ni garin da makarantar take. Rafin da ke tsakani yana da sauran ruwa, ya ɗora ni a wuya ya haye da ni. Da muka hango ginin makarantar sai ya tsuguna ya kama kafaɗuna ya ce, "Ka ji, in an kira sunana ka ce na'am. Kada ka waiwaya." A lokacin gwajin shekaru shi ne yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. Nawa hannun bai kai ba, hedimasta ya ɗan karkata mini kai da kansa har ya kai, don shi ma cika aji yake nema. Da aka zo kiran suna aka kira na Yaya, sai da na waiwaya. Yana can bayan wayar shinge a tsaye ba riga, ya ɗaga mini gira. Na ce na'am.

Shi ke nan, suna ya bi ni. Daga firamare ya bi ni makarantar kwana, daga nan makarantar koyon aikin gona, ya hau kan kowace takarda da na mallaka. A gida Inna ba ta daina kirana da nawa na yanka ba har ta koma ga Allah, amma mutanen gari da suka ga suna ɗaya ya zama na mutum biyu a gida ɗaya, sai suka sakar mini shi, suka koma kiran Yaya da Babba. In wasiƙata ta zo a motar kasuwa, Yaya direba yake miƙa wa, ya sa ta a aljihu ya yi ta yawo da ita har in zo hutu, ya ce, "Ga takardarmu ta zo." Na zama malamin gona. Na yi Gwiwa, na yi Roni, na yi Ɓaɓura har wajen Kanya Babba, inda rabin cinikin kasuwa da sefa, kuɗin Nijar, ake yi, kafin a dawo da ni Kazaure. Abin dariya, ni da aka cire daga gona tun ban iya riƙe fartanya ba, ni ne nake tara manoma a gindin bishiya ina koya musu tazarar shuka da igiya mai ƙulli. In na je garinmu Yaya ne a sahun gaba, yana gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiya ne, Malam." In na tafi ya shuka yadda ya ga dama, kuma gonarsa ta fi gonar gwajin da na yi kyau. Ban taɓa jin haushi ba, ni ma na san wanda ya fi wani sanin ƙasar.

Tun ina saurayi na san akwai magana a tsakaninmu. Duk ranar da na sa farar riga na zauna a inuwar ofis, nakan tuna akwai wanda yake cikin rana a madadina, kuma shi ne ya so zuwa, ni kuka na yi. Na sha ƙulla niyyar in zaunar da shi in ce, Yaya, kujerarka na hau, ka yafe mini. Amma da na iso sai in sauke buhun taki da irin gyaɗa da turmin atamfar iyali, mu gaisa, mu yi maganar ruwa, kafin la'asar na hau babur. Kunya ce, ba wani abu ba. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa na riƙe wannan karatu fiye da yadda aka biya mini. Lokacin da aka zo yin katin ɗan ƙasa, labari ya iske ni cewa da ma'aikaci ya tambayi Yaya sunansa, sai ya ce nasa yana Kazaure wurin aiki, a rubuta masa na ƙanensa tunda sunan yana zaune ba abin da yake yi. Mutanen gari suka yi ta dariya, ni ma da aka ba ni labari na yi, amma ranar ban iya cin tuwo ba.

Sau ɗaya ƙofa ta buɗe sosai. Da kaka ne, muna zaune mu biyu a gonarsa a kan tarin harawa, yana ɓare gyaɗa ɗanya yana miƙo mini. Gemunsa ya riga ya yi fari. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Malam, wai sunan nan, in za a kira shi a ofis, da girma ake kiransa?" Na ce, "Da girma, Yaya." Ya ce, "To, madalla." Na yi niyyar faɗin maganar a nan take. Da na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko takin bana ya ishe shi. Ya ce ya isa, Allah ya saka da alheri, ya miƙo mini wata gyaɗar.

Saura wata biyar in yi ritaya ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana uku, kuma ya hana a gaya mini, wai kada a tayar da ni daga aiki a kan ciwon da bai kai ya kawo ba. Ina Ɓaɓura wurin rabon iri aka kira ni a waya. Kafin in iso an dawo daga maƙabarta, mutane suna wanke hannu a ƙofar gida. Na zauna a zaure kwana uku ina karɓar gaisuwa, kowa ya shigo ya ce mini sai haƙuri, an rasa uba. Ina amsawa, amma abin da ke raina daban ne, kuma ba wanda zan gaya wa.

Walimar ritaya yarana ne suka shirya, ban so ba suka fi ƙarfina. A zamanin su Baba ba a yi wa mutum taro don ya daina aiki. Ran da ƙarfi ya ƙare, ɗa ne zai zare fartanya daga hannun uba ba tare da ya ce komai ba, tsoho ya koma gindin bishiya yana tufka igiya yana gyara wa masu wucewa zance. Yanzu kuwa sai da aka kafa rumfuna aka tare titi, aka jera kujerun roba, jikoki suka yi anko, kowa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoto. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Tsofaffin abokan aiki sun zo, har da manoman da suka yi hayar mota guda daga Gwiwa, ɗayansu ya tashi ya ce ni na koya masa noman rani. Sai dai mai gabatarwa yaro ne mai son lasifika, ba ya minti biyu bai kira sunan ba, yana ja yana ƙawata shi kamar maroƙi. Duk kiran da ya yi sai in ji kamar an taɓa mini gyambo. Da aka miƙo mini abin magana na tashi da niyyar in gaya wa jama'a mai sunan na gaskiya, don ko yarana ba su sani ba. Na dubi rumfar mata, na hango matar Yaya a zaune, kwananta kaɗan da fita takaba. Na yi godiya ga Allah, na yi wa gwamnati, na yi wa mahalarta, na zauna.

Bayan la'asar, da aka watse ana tattara kujeru, na shiga cikin gida na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafa tana kwance ƙullin daddawa da kukar da ta kawo mana. Tsakanina da ita akwai wasa tun tana amarya, ina ce mata matata, ita kuma tana ce mini miji marar cefane. Na tsuguna na gaishe ta.

Ta ce, "Miji marar cefane, yau dai na sha sunan maigidana a lasifika har kunnena ya gaji. Ko ranar ɗaurin aurenmu ba a kira shi haka ba."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na zauna a gefen tabarmar na ce, "Don Allah in tambaye ki wani abu, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Yaya ya taɓa yi miki maganar makaranta?"

Ta daina abin da take yi ta dube ni. Ta ce, "Sai yau?"

Na ce, "Sai yau."

Ta ce, "Ya yi."

"Abin ya yi masa ciwo?"

"Ya yi mana, Malam. Shi ba mutum ba ne? Kada wani ya rufe ka ya ce bai ji ba. Har ya tsufa, in ya ga takardar boko a ƙasa sai ya ɗauka ya kakkaɓe, ya jujjuya ta, ya soke a jikin azara. Amma ba da kai yake ba, ba kuma da Baba ba. Cewa yake haka Allah ya rubuta, kuma da bai tsaya ba da yunwa ta shiga gidan."

Na kasa ɗaga kai. Ta ci gaba, muryarta ba ta canja ba, kamar mai ba da labarin kasuwa.

"Ya san abin yana cin ka. Ya ce duk zuwan da za ka yi yana ganinsa a idonka, shi ya sa ba ka iya zama. Na ce masa, to kai ka gaya masa ka yafe mana, ya huta. Ya ce a'a. Wai in ya ce ya yafe alhali ba ka tambaya ba, gori ya yi maka, kamar ya ce ka yi masa laifi ke nan. Gara ka kawo maganar da kanka. Na ce in bai kawo ba fa? Ku 'yan gidan nan da zurfin ciki kamar rijiya. Ya ce za ka kawo, aiki ne ya hana ka zama. Wai ranar da ka ajiye aiki za ka zo ka kwana biyu, ka faɗi taka ya faɗi tasa."

Ta ɗaure bakin ƙullin daddawar, ta tura shi gefe. Ta ce, "Ɗakin nan na kusa da zaure can gida ma, da rani ya kwaɓa ƙasa ya yi masa sabon yaɓe. Yara suka ce ya bari su yi, ya ƙi. Ya ce na Malam ne, ya kusa ritaya."

A nan hawaye ya zo mini, a gaban mata da jikoki, ban kuma ɓoye ba. Ita ce ma ta ce, "Kai, tashi, kada a ce na sa angon walima kuka."

Ran Juma'ar da ta biyo na hau babur na tafi ƙauyenmu. Babban ɗan Yaya ya buɗe mini ɗakin, ya koma ya bar ni. Ba komai a ciki sai sabuwar tabarma a naɗe a lungu da buta. Rana tana shigowa ta ƙofa tana haska bangon, kuma da yake da hannu ake yaɓe, ga shatin yatsunsa nan layi-layi tun daga ƙasa har inda tsawonsa ya kai. Na shimfiɗa tabarmar na zauna, na yi masa addu'a, na yi wa Baba da Inna. Sannan na ɗora tafina a kan bangon, na faɗi tawa.